Kai yara maɓuɓɓugar ruwan zafi: me ya sa jikin babba ba ya zama ma'aunin jikin yaro

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa da zafinsa, babu wuta babu itace, yana cikin abubuwan da ya kamata yaro ya gani da idonsa idan iyayensa sun samu halin kai shi. Ina goyon bayan irin wannan tafiya, kuma ba na cikin masu cewa a bar yara a gida. Sai dai akwai kuskure guda da har iyaye masu lura suke faɗawa ciki, kuma yawancin matsalolin daga gare shi suke tsirowa. Uba ya tsoma hannu a ruwa, ya ji ya yi masa daɗi, shi ke nan sai ya yanke hukuncin cewa ya yi wa yaro daidai. Alhali hannun babba ba shi da labarin halin da jikin ɗan shekara huɗu zai shiga bayan minti goma a cikin wannan ruwa.

Kafin a zo kan jikin yaro, sai an san daga ina zafin yake fitowa, domin asalin maɓuɓɓuga shi ke nuna halinta. Ƙasa tana ƙara zafi gwargwadon yadda aka nutsa cikinta. A mafi yawan wurare, kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyos. Ruwan sama yana bin tsagogin duwatsu yana gangarawa sannu a hankali, ya ɗauki zafi a can ƙasa, idan kuma ya samu wata tsaga mai miƙewa sama sai ya taso da sauri kafin ya huce. Haka ruwan garin Bath na Ingila yake. Ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan Mendip, ya nutsa kusan kilomita uku zuwa huɗu, ya dawo da zafin digiri 46, fiye da lita miliyan ɗaya a kowace rana, tun kafin Romawa su gina wurin wanka a kansa. A garin Hot Springs na jihar Arkansas ta Amurka ruwan yana fitowa da kimanin digiri 62, kuma masana sun ƙiyasta cewa ya shafe sama da shekara 4,000 a wannan tafiya. Wato ruwan da yaro zai ga tururinsa yau, tun zamanin Fir'aunonin Masar ya sauko daga girgije.

Nau'i na biyu ya fi wannan zafin rai. A wuraren da ke da duwatsu masu aman wuta, irin su Aisland da Japan da Niyu Zilan da yankin Yellowstone na Amurka, narkakken dutse yana kusa da doron ƙasa, saboda haka ruwa ba ya buƙatar dogon zurfi kafin ya kai ga tafasa. Maɓuɓɓugar Deildartunguhver ta Aisland tana fitar da lita 180 a kowace daƙiƙa da zafin digiri 97. Ta Tamagawa a Japan tana kai digiri 98, ga kuma asid mai ƙarfi a cikinta. A can ɗaya gefen, dokar Japan ta 1948 ta lissafa duk ruwan da ya fito da digiri 25 a cikin maɓuɓɓugan zafi. Daga 25 har 98 duk layi ɗaya ake jera su a takardar talla, kuma ido ba ya raba su. Da sanyin safiya ruwa mai digiri 35 ma yana tururi sosai. Da rana tsaka kuwa ruwa mai digiri 60 yana iya kwantawa shiru kamar ba komai.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne, ko a kududdufi guda zafin ba ɗaya ba ne. Bakin gaɓa yana iya zama ɗumi-ɗumi, amma inda ruwan yake fitowa, ko ta gefen dutse ko ta ƙarƙashin yashi, ya isa ya sale fata. A kwarin Reykjadalur na Aisland, inda mutane suke zama a cikin ƙorama mai ɗumi, duk wanda ya ƙara haurawa sama zafin ƙaruwa yake yi, kuma ba sai ya yi nisa ba. Ruwan sama mai yawa, ko fari, ko girgizar ƙasa, suna iya sauya zafin wurin da wani ya shiga lafiya a bara. Shi kuwa yaro, inda ya hango kumfa tana tasowa daga yashi, nan zai nufa da ƙafarsa, domin nan ne ya fi ban sha'awa. Nan ne kuma ya fi zafi. Shi ya sa nake ganin ƙaramin ma'aunin zafin ruwa, irin wanda ake tsomawa a bahon jarirai, ya fi duk wani kayan wasa cancantar shiga jaka. A auna a gefe, a auna a tsakiya, a auna can ƙasa kusa da yashi, sannan a nuna wa yaro iyakar inda zai tsaya.

Lambobin da ma'aunin zai nuna suna da ma'ana, kuma ba su da wuyar riƙewa. Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne. Ruwan wankan jariri 37 zuwa 38. Digiri 40 shi ne iyakar da hukumomin Amurka suka sanya wa bahon ruwan zafi, kuma domin lafiyayyen babba aka sanya ta. Daga digiri 44 fata take fara lalacewa idan aka daɗe ƙwarai. A digiri 50, kimanin minti biyar sun isa a samu ƙuna mai zurfi. A digiri 60 magana ta koma ta daƙiƙu kaɗan. Waɗannan alƙaluma sun samo asali ne daga binciken da Moritz da Henriques suka wallafa a 1947, kuma a kan fatar manya aka gina su. Fatar yaro ta fi siranta, don haka ta fi saurin ƙonewa, ƙunar kuma ta fi nutsawa. Ga shi ƙaramin yaro ba ya iya fizge jikinsa ya fice da irin saurin babba. Sau da yawa tsayawa yake yi a inda yake yana kuka.

Amma ƙuna ita ce haɗarin da kowa ya sani. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne zafin da yake taruwa a cikin jiki a ruwan da bai kai ya ƙona kowa ba. Jiki yana sauke zafinsa ne ta hanyar gumi da iska take busarwa, da kuma jinin da yake tasowa kusa da fata ya huce. A cikin ruwa gumi ba ya bushewa, wannan ƙofa ta rufe ke nan. Idan kuma ruwan ya haura digiri 37, sai ƙofa ta biyu ta juya baya: jinin da ya taso fata don ya huce, zafi yake ɗauka ya koma da shi ciki. Ruwa kuwa ya fi iska isar da zafi fiye da sau ashirin, shi ya sa mutum yake iya wuni a inuwa ana digiri 40 amma ba ya iya wuni a ruwa mai digiri 40.

A nan ne bambancin babba da yaro yake fitowa fili. Idan aka kwatanta faɗin fata da nauyin jiki, yaro ɗan shekara huɗu yana da kusan ninki ɗaya da rabi na abin da babba yake da shi a kowane kilo. Ƙofar shigar zafi ta fi faɗi, jikin da zai shanye shi kuma ya fi ƙanƙanta. Ƙaramar tukunya ai ta riga babba tafasa ko da a wuta ɗaya suke. Sannan akwai maganar tsayi. Uba yana zaune ruwa ya tsaya masa a ƙirji, kafaɗunsa da hannayensa suna shan iska. Ɗansa da ke gefensa ruwa ya kai masa wuya, kai kaɗai ne a waje. Uba yana jin daɗi da gaske, ba ƙarya yake yi ba. Ruwan da yake ciki ne ba ɗaya ba ne da wanda ɗansa yake ciki, ko da yake kududdufin guda ne.

Wannan ne ya sa wuraren wanka suke da ƙa'idojin shekaru, duk da cewa bakinsu bai zo ɗaya ba. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada a bar yaro ƙasa da shekara biyar ya shiga bahon ruwan zafi. Blue Lagoon ta Aisland, wadda ruwanta yake tsakanin digiri 37 da 40, ba ta karɓar yaro ƙasa da shekara biyu, kuma 'yan shekara takwas zuwa ƙasa dole su sa robar da ke hana nutsewa a hannu. Sky Lagoon, a ƙasar dai, sai daga shekara 12. A Budafes ta Hungari, manyan wuraren wanka irin Széchenyi ba sa barin 'yan ƙasa da shekara 14 su shiga ruwan zafinsu. A Japan kuwa iyalai da yawa suna shiga da ƙananan yara, alhali ruwansu yakan kai digiri 40 zuwa 42, sai dai shiga ce ta ɗan lokaci. Duk wanda ya shirya tafiya ya bincika ƙa'idar wurin tun kafin ya bar gida, don babu daɗi a yi doguwar tafiya a tsayar da yaro a bakin ƙofa yana kallon tururi. Idan kuwa wurin na daji ne, babu ƙofa babu mai gadi, to ƙa'idar tana hannun iyaye. Ni a nawa ganin, jariri da mai tatata ba su da abin yi a ruwan da ya wuce ɗumin jiki. Daga shekara biyu zuwa biyar, a zaunar da shi a gefe ya tsoma ƙafa ya fantsama da hannu, kuma wallahi wannan ya ishe shi murna. Wanda ya haura biyar yana iya shiga ruwa mai digiri 37 ko 38 na minti goma zuwa sha biyar, ya fito ya huta. Idan ruwan ya kai 40, minti biyar. Abin da ya wuce 40 ba na yara ba ne.

A riƙa duba agogo, domin yaro ba zai ce ya gaji ba. Idan aka ce ya fito, amsar da za a ji ita ce, "Baba, don Allah ɗan ƙara mini kaɗan," ko "Mama, ni fa ban ji zafi ba." Wannan mai gardamar bai cika ba ni tsoro ba. Wanda nake tsoro shi ne wanda ɗazu yake ta surutu yana watsa wa yayarsa ruwa, sai kuma ya yi tsit, ya jingina kansa da dutse, idanunsa suka yi laushi, ana yi masa magana yana amsawa a makare. Iyaye sukan ce ruwan ne ya kwantar masa da hankali. A'a, zafi ne ya fara cin ƙarfinsa. Hamma, da ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, da saurin numfashi, duk alamu ne. Littattafai sukan ce fuska za ta yi ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa fili, kada a tsaya jiran sa. A taɓa goshi da wuya, a kalli yanayin yaron. Da an ga haka a fito da shi, a kwantar da shi a inuwa, a shafa masa ruwan sanyi, a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa. Idan ya ruɗe, ko ya suma, ko yana ta amai, sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Fitowar ma tana da nata. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, ruwan kuma yana tallafe da jiki, to da mutum ya miƙe zumbur sai jini ya gangara ƙafafu, ido ya yi duhu. Faɗuwa a kan jiƙaƙƙen dutse ko komawa cikin ruwa a sume daga nan take zuwa. A riƙe hannun yaro, ya zauna a gefe na ɗan lokaci kafin ya tashi. Ya sha ruwa kafin ya shiga da bayan ya fito, don gumi yake yi a ciki ko da ba a gani. Idan kuma a ƙasa mai sanyi ne, tawul ya kasance kusa, domin jikin da ya yi saurin ɗaukar zafi haka yake saurin zubar da shi.

Duk wannan bai kawar da tsohon haɗarin kowane ruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nutsewar yaro ba ta da ihu, ba ta da ɗaga hannu. A maɓuɓɓugar zafi abin ya ƙara tsanani saboda dalilai biyu. Ruwan sau da yawa ba a ganin ƙasansa, ko dai fari-fari mai shuɗi kamar na Blue Lagoon ko mai laka, ga tururi yana tare ido. Sannan su manyan da ya kamata su sa ido, ruwan ya sassauta musu jiki, wani ma ya lumshe ido. Idan manya sun yi yawa abin ya fi muni, kowa ya ɗauka wani ne yake kallo. A ambaci mutum guda da baki: "Yaya, ke ce da su yanzu, in kin gaji ki gaya mini." Wanda aka ɗora wa ya ajiye waya, ya zauna inda hannunsa zai kai ga yaron. Robar hannu taimako ce kawai, ba ta zama mai gadi.

Akwai kuma maɓuɓɓugan da na kallo ne kawai, kuma ya kamata yaro ya san wannan tun a mota. A Yellowstone akwai wuraren ruwa da tururi da laka mai tafasa fiye da 10,000, kuma sama da mutum 20 sun rasa rayukansu ta hanyar ƙonewa a cikinsu, ciki har da wani yaro ɗan shekara tara da ya faɗa ɗaya daga ciki a 1970 yana tare da iyayensa. Ƙasar da ke kewaye da irin wannan ruwa tana kama da busasshiyar ƙasa mai ƙarfi, alhali ɓawo ne siriri, ƙarƙashinsa tafasasshen ruwa. An shimfiɗa hanyoyin katako domin masu ziyara, amma a wurare da yawa ba su da shinge. Yaro mai gudu a riƙe hannunsa gam, ƙarami a goya shi ko a saɓa shi. Idan iska ta ɗauke hula ta jefa gefe, an yi asarar hula, a gaya masa haka tun kafin ta faru.

A irin wannan wuri ne kuma yaro ya fi ƙaruwa, abin da ya sa ban yarda a hana shi zuwa ba. A nuna masa tafkin Grand Prismatic na Yellowstone: tsakiyarsa shuɗi ne garau, gefensa rawaya da ruwan goro da ja. Shuɗin da ya fi kama da ruwan sanyi shi ne mafi zafi, ya yi tsananin da halittu masu launi ba sa iya zama cikinsa. Launukan gefe kuwa shimfiɗar ƙananan halittu ce, kowace ta zaɓi zafin da ya dace da ita. A cikin irin wannan shimfiɗa masanin kimiyya Thomas Brock ya gano wata ƙwayar halitta a 1966, aka sa mata suna Thermus aquaticus, kuma sinadarin da aka samu daga jikinta shi ne ya sauƙaƙa gwajin PCR, wanda duniya ta sha jin sunansa lokacin korona. Yaron da ya ji wannan da wuya ya jefa dutse ko kwabo a ciki. Tafkin Morning Glory na wurin ya sauya launi ne saboda tarkacen da masu ziyara suka yi ta jefawa har suka toshe hanyar ruwan zafinsa.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji a wurare irin Rotorua ta Niyu Zilan iskar farar wuta ce. Kaɗan daga cikinta a fili inda iska take kaɗawa ba ta cutarwa. Amma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka takan kwanta a rami da kwari da kogo, kuma idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin kansa, mutum ya zaci ta wuce. A watan Disamba na 2005, a Doroyu da ke lardin Akita na Japan, iyali guda na mutum huɗu, uwa da uba da 'ya'yansu biyu, sun rasu saboda wannan iska da ta taru a wani rami cikin dusar ƙanƙara. Hancin yaro ya fi na babba kusa da ƙasa. Kada a bar shi ya leƙa rami ko ya sauka kwari a irin wannan yanki, kuma wanda ya ga wani ya faɗi a rami kada ya faɗa bayansa da gudu.

Idan ƙuna ta auku, abin yi guda ne: a zuba ruwa mai sanyi, mai gudana, na minti 20 cur. A cire tufafi da takalmi da abin hannu, sai dai abin da ya manne da fata a bar shi. Ban da ƙanƙara, ban da mai, ban da man goge baki, kada kuma a fasa bororo. A rufe wurin da tsabtataccen abin da ba ya mannewa, a lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi, a nufi asibiti, musamman idan ƙunar ta shafi fuska ko hannu ko ƙafa ko gaba, ko ta fi tafin hannunsa faɗi. Mai zuwa wurin daji ya tambayi kansa tun a gida: a ina zan samu ruwan sanyi na minti 20, kuma asibiti mafi kusa tafiyar awa nawa ce?

Sauran ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Ba a shan ruwan sai inda aka rubuta ana sha, domin wasu suna ɗauke da sinadarai masu guba irin su arsenik. Mai asid yana yi wa ido da buɗaɗɗen ciwo zafi. Farar wuta tana baƙanta azurfa. Duwatsun suna da santsi, a Pamukkale ta Turkiyya ma dole a cire takalmi kafin a taka farin dutsen, to a hana gudu. A ɗauraye jikin yaro da ruwa mai tsabta bayan an fito. Mai juna biyu, musamman a watanni ukun farko, ta tsaya a tsoma ƙafa, kaka mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma ta tuntuɓi likita tukuna.

Abin da ya rage shi ne wanda ido ba ya gani. Mutane suna ɗauka ruwa mai zafi ya kashe ƙwayoyin cuta. Zafin da jikin mutum yake iya jurewa ba ya kashe yawancinsu, shi ne ma zafin da da yawansu suka fi so. Ruwan daji ba shi da kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Inda ruwa yake shigowa yana fita a kai a kai ya fi kududdufin da ya tsaya cak mutane suna ta shiga. Yaro mai gudawa ba ya shiga, kuma kunzugun wanka ba ya tare ruwan kashi, haƙƙin 'ya'yan wasu ne a kiyaye wannan.

Cikin waɗannan halittu akwai guda da dole a san ta da suna, Naegleria fowleri, wata amiba, wato ƙwayar halitta da ido ba ya gani, da likitoci biyu, Fowler da Carter, suka fara bayyana cutarta a Ostireliya a 1965. Tana rayuwa a ruwa mai ɗumi mara gishiri da lakar ƙasansa, tana kuma bunƙasa har zuwa digiri 46. Shan ruwan ba ya sa a kamu da ita, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Ta hanci kaɗai take shiga, ta bi jijiyar jin wari ta kai ƙwaƙwalwa. Cutar ba ta da yawa ko kaɗan: a Amurka, inda miliyoyin mutane suke wanka a tafkuna kowace shekara, waɗanda aka tabbatar sun kamu tun daga 1962 ba su kai 200 ba. Amma fiye da kashi 97 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba su tashi ba, kuma mafi yawansu yara ne da samari, su da suka fi tsunduma da nutso da tona laka. Ita ce ta kashe wata yarinya a 1978 bayan ta yi iyo a ruwan garin Bath, abin da ya sa aka rufe wuraren wankan garin har sai da aka buɗe sabo mai tataccen ruwa a 2006. A 2023 ma wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a jihar Nevada bayan ziyarar wata maɓuɓɓuga.

Ban kawo wannan don a fasa tafiya ba. Na kawo shi ne don kariyarsa tana da sauƙi ƙwarai, kuma a Niyu Zilan har a allo ake rubuta ta a bakin ruwa: kai ya kasance a saman ruwa. Babu nutso, babu tsalle a faɗa, babu watsa ruwa a fuska, babu tona lakar ƙasa. Yaron da bai kai ya riƙe wannan doka ba, bai kai shiga ruwan daji ba, ya tsaya a tsoma ƙafa. Wanda ya kai, a gaya masa dalili a fili, yara sun fi kiyaye dokar da suka san dalilinta.

Bayan an dawo gida, a ci gaba da lura har kwana 12, domin alamun cutar suna bayyana tsakanin kwana ɗaya zuwa 12, galibi wajen kwana biyar. Suna kama da na sanƙarau: matsanancin ciwon kai, zazzaɓi, amai, sanƙarewar wuya, daga baya ruɗewa. Idan aka ga haka a garzaya asibiti a ranar, kuma tun kafin likita ya tambaya a gaya masa cewa yaron ya shiga maɓuɓɓugar ruwan zafi, da ranar da ya shiga, da ko ruwa ya shiga hancinsa. Cutar tana da saurin gaske, gwajinta kuma ba ya cikin waɗanda ake fara yi wa mai zazzaɓi sai an ba likita dalilin nemansa.